Yadda za ki gane ko ana kula da Hajiya a gidan jinyar tsofaffi

Wata 'yar'uwa daga Jidda ta rubuto cewa mahaifiyarsu, mai shekara 78, ta samu shanyewar ɓarin jiki, ga ciwon suga, ga mantuwa ta fara kama ta. Da aka sallame ta daga asibiti jinya ta fi ƙarfin gida, sai suka kai ta wani gidan kula da tsofaffi na kuɗi. Ginin yana da kyau, akwai tsafta, amma Hajiya ta rame, ta rage magana, kuma kusan duk lokacin da aka je a same ta tana barci. Tana so ta san yadda za ta gane ko ana kula da ita da gaske, da abin da za ta yi idan ba a yi.

Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ce, ku kuma ya saka muku da alheri.

'Yar'uwa, ki fara da cire ginin daga lissafi. Tayil mai sheƙi da turaren wuta a wurin karɓar baƙi ba su ne za su juya mara lafiya da tsakar dare ba. Jikin Hajiya ne zai faɗa miki gaskiya: fatarta, bakinta, nauyinta, da yadda fuskarta take yi idan ma'aikaciya ta shigo ɗakin. Rama da shiru da yawan barcin da kika ambata kuwa, kada ki yarda a sallame ki da cewa tsufa ne. Kowannensu yana da dalilan da ake iya ganowa, yawancinsu kuma suna gyaruwa idan ba a makara ba.

Fata ce farkon abin dubawa. Ki nemi ki tsaya lokacin da ake mata wanka ko ake canza mata famfas. Ke 'yarta ce, babu kunya a nan, kuma gidan da ya hana ki tsayawa babu dalili ya riga ya ba ki rabin amsa. Za ki duba wuraren da ƙashi yake kusa da fata kuma nauyin jiki yake sauka a kansu: ƙasan baya daidai saman ɗuwawu, gefen kwatangwalo biyu, dunduniya, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya, da bayan kunne idan ana sa mata robar iska. Gyambon kwanciya yana samuwa ne idan nauyi ya matse ƙananan jijiyoyin jini tsakanin ƙashi da katifa, naman wurin ya rasa jini ya fara mutuwa. Cikin 'yan awoyi ɓarnar take somawa, sau da yawa kuma daga can ciki, kusa da ƙashi, kafin ta fito fili.

Akwai abin da ya shafe mu musamman a nan. Abin da aka fi koya wa ma'aikatan jinya shi ne su nemi ja: idan wuri ya yi ja, aka danna da yatsa bai yi fari ba, to matakin farko ke nan. A baƙar fata wannan jan ba ya fitowa sosai, shi ya sa ake yawan gano gyambon mutanenmu bayan ya riga ya fashe. Ki buɗe labule ki duba da hasken rana, ki kwatanta gefen dama da na hagu. Wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko yake sheƙi, abin zargi ne. Ki taɓa da bayan hannu: ya fi sauran jiki zafi ko sanyi? Ya yi tauri, ko ya yi laushi kamar da ruwa a ciki? Hajiya ta yamutsa fuska da kika taɓa? Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a ɗauke nauyi daga wurin nan take, a kira babbar nas. Kuma kada a murza wurin da man zaitun ko man zafi don wai jini ya gudana, murzawar tana ƙara yaga naman da ya riga ya raunana. Shafa mai a hankali a busasshiyar fata mai lafiya daban ne, wannan yana da amfani.

Wadda ba ta iya juya kanta, ana juya ta kusan duk bayan awa 2, dare da rana. Idan katifar ta musamman ce, likita ko nas suna iya tsawaita lokacin zuwa awa 3 ko 4 gwargwadon yadda fatar take, amma katifa mai iska ba ta maye gurbin juyawa, ko da an faɗa miki haka. Ba a kwantar da ita kai tsaye a kan ƙashin kwatangwalo, ana karkata ta ne kamar digiri 30 a tokare bayan da filo, a sa wani filon tsakanin gwiwoyi. A sa filo a ƙarƙashin sha-raɓa ta yadda dunduniya za ta rataye ba ta taɓa katifa ba. Kan gado kada ya wuce digiri 30 sai lokacin cin abinci ko idan numfashi ya buƙaci haka, domin idan ya yi tsayi jiki yana zamewa ƙasa, fata ta tsaya manne da zanin gado, naman ciki ya goce. Mutum biyu ne suke ɗaga ta da zani, ba a jan ta. Matashin nan mai rami a tsaka da ake sayarwa a kantin magani, ki bar shi, yana matse kewayen wurin ne ya hana jini shiga. Ki tambaya kuma ko an auna haɗarin samun gyambon kwanciya a jikinta da ma'aunin da ake kira Braden. Makinsa daga 6 zuwa 23 ne, wanda ya samu 18 ko ƙasa da haka yana cikin haɗari. Gidan da ya san aikinsa zai nuna miki makin a fayil ɗinta ba tare da kame-kame ba.

Takardar juyi da ake ratayewa a gindin gado tana iya yin ƙarya. Ki lura da gefen da kika same ta a kai, ki zauna awa uku, ki ga ko wani ya zo. Ki kuma duba ko an riga an sa hannu a lokutan da ba su yi ba tukuna.

Duk wannan ya dogara ne da yawan hannaye, musamman da dare. Ki tambayi shugabar ma'aikatan jinya kai tsaye: bayan isha'i mutum nawa ne a sashen, kuma marasa lafiya nawa ne ba sa iya motsi? Sai ki yi lissafi da kanki. A ce juya mutum ɗaya da canza masa famfas yana ɗaukar ma'aikata biyu minti 10. Idan kwantattu 20 ne, zagaye ɗaya minti 200 ke nan, fiye da awa uku, ba a sa ba da magani ko amsa ƙararrawa ba. Ma'aikata biyu ba za su iya juyin awa 2 a irin wannan sashen ba, komai tsoron Allahnsu. Saboda haka ki riƙa sauya lokacin ziyara. Ki je da sassafe, ki je lokacin abincin rana, ki je ranar Juma'a da Asabar da ma'aikata suke raguwa. Warin tsohon fitsari da ya kama ɗaki, ƙararrawar da aka ajiye inda hannunta mai lafiya ba ya kaiwa, farce mai tsawo da dauɗa a ciki, da sababbin fuskokin ma'aikata kowane mako, duk alamu ne na gidan da aiki ya fi ƙarfin mutanensa.

Sai maganar rama. Ki ce a nuna miki nauyinta na ranar da aka karɓe ta da na yanzu. Ya kamata a riƙa auna ta aƙalla sau ɗaya a wata. Rasa kashi 5 cikin 100 na nauyi a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata 6, babbar alama ce: ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan a wata guda. Idan ba su taɓa auna ta ba, wannan ma amsa ce.

Ki zauna ki ga cin abinci ɗaya daga farko har ƙarshe. Abin da ya fi faruwa ba rashin abinci ba ne. Ana kawo tire a ajiye, bayan rabin awa a ɗauke shi kusan yadda aka kawo, a rubuta cewa ta ƙi ci, alhali hannunta ne ba ya kai cokali baki, ko an ajiye kwanon a ɓangaren da ya shanye. Ciyar da irin Hajiya yana ɗaukar minti 20 zuwa 30, a zaune, mai ba ta tana zaune ita ma a gabanta. Shanyewar ɓarin jiki kan taɓa haɗiya, don haka ki saurara: tari ko ƙwarewa lokacin ci ko sha, murya ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro, abinci ya taru a kumatu, ko zazzaɓi da ciwon ƙirji da suke ta dawowa. Waɗannan suna nuna abinci ko ruwa yana bin hanyar numfashi zuwa huhu, kuma ciwon huhun da yake biyo baya yana daga cikin manyan abubuwan da suke kashe masu irin wannan lalura. A nemi ƙwararren haɗiya ya duba ta ya faɗi kaurin abin da za ta iya sha. A zaunar da ita sosai lokacin ci, ta ci gaba da zama minti 30 bayan ta gama, loma ƙanana, kuma ba a ɗura wa mai gyangyaɗi komai. Idan da robar abinci ake ciyar da ita, kan gado ya kasance a ɗage digiri 30 zuwa 45 lokacin da abincin yake tafiya da kuma bayansa.

Ki buɗe bakinta ki duba. Busasshen harshe, farin abu a kan harshe ko cikin kumatu, ragowar abinci, haƙoran roba da suka yi mata yawa bayan rama, duk suna hana ci. Goge baki sau biyu a rana yana rage ƙwayoyin cutar da suke gangarawa huhu, kuma yana cikin ayyukan da aka fi tsallakewa idan lokaci ya ƙure.

Wani lokaci kuma abincin ne bai karɓe ta ba. Dattijuwar da ta tashi da tuwo da miyar kuka, aka koma ba ta abinci marar ɗanɗano kullum, za ta kau da kai. Ki nemi izini ki riƙa kawo kunun gyaɗa, koko, tuwo mai laushi da miya mai yauƙi, fura da aka dama ta yi sumul babu gudaji. Ki shaida wa nas duk abin da ta ci saboda lissafin suga, ki kuma bi kaurin da aka ce. Tana buƙatar abinci mai gina jiki, ƙwai da kifi da nono da wake, kusan giram 1 zuwa 1.2 na sinadarin furotin ga kowane kilo na nauyinta a rana, fiye da haka idan akwai gyambo, sai dai in likita ya taƙaita saboda ƙoda.

Ruwan sha kuwa, dattijuwa tana buƙatar kusan lita 1.6 a rana, wato kamar ƙananan kofuna 8, in ba likita ya rage mata ba saboda zuciya ko ƙoda. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar da, sanyin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) kuma yana busar da jiki ba a sani ba. Akwai kuma abin da ma'aikatan da ba su san mu ba ba za su gane ba: iyayenmu mata da yawa suna rage shan ruwa da gangan don kada su ɓata jikinsu da fitsari, saboda kunya da kuma tsoron najasa lokacin salla. Ki zauna ki kwantar mata da hankali cewa mai lalura yana da uzuri a shari'a, in ya yiwu ki sa malamin da take girmamawa ya faɗa mata. Fitsari kaɗan mai duhu, bushewar baki da taurin bayan gida su ne alamun da za ki bi. Jan fatar hannu don gwaji ba ya nuna komai a jikin tsoho.

Yawan barcin ne ya fi damuna a cikin abin da kika rubuta, kuma shi ne bai kamata ya kai mako mai zuwa ba. Abubuwa uku za ki bincika. Na farko, magani. Ki nemi cikakken jerin magungunanta, da suna da yawa da lokaci, ki kwatanta da takardar sallamar asibiti. Ki tambayi dalilin duk wani sabon magani, musamman na barci ko na kwantar da hankali. Irin waɗannan ana ba mai mantuwa wani lokaci don kawai ta daina kira da dare, alhali suna jawo faɗuwa da ƙwarewa, wasunsu kuma an tabbatar suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga masu ciwon mantuwa. Na biyu, suga. Idan cin abinci ya ragu amma allurar insulin ko ƙwayar suga tana nan yadda take, sugan zai riƙa faɗuwa, kuma a tsoho faɗuwar ba lallai ta zo da rawar jiki da gumi ba, tana iya zuwa da barci da ruɗewa kawai. Ki duba littafin awon suga. Duk lambar da ta gaza 70 faɗuwa ce, kuma tana buƙatar likita ya sake duba magani. Ga mai rauni irin Hajiya, faɗuwar suga ta fi ɗan hawansa haɗari. Na uku, ruɗewar da take zuwa farat ɗaya cikin awoyi ko kwanaki ba mantuwa ba ce, alama ce ta wata cuta a jiki: ciwon huhu, cutar mafitsara, ƙarancin ruwa, fitsarin da ya taru ya ƙi fita, kwanaki babu bayan gida, ko ciwon da ba a magance ba. Akwai irinta mai shiru, wadda mara lafiya yake lafewa kawai, ita ce aka fi kuskurewa domin ba ta damun kowa. Ki tambaya kuma ko ana daka mata ƙwayoyi. Wasu an yi su ne su narke a hankali, idan aka daka sai ƙarfin yini guda ya shiga jiki lokaci ɗaya.

Shirun nata yana iya zama na harshe. Mai ciwon mantuwa yakan rasa harshen da ya koya daga baya, ya koma na ƙuruciya. Dattijuwar da ta yi shekara arba'in tana ciniki da Larabci a Makka ko Jidda tana iya wayar gari Hausa kaɗai take fita daga bakinta, masu jinyar kuma da yawa daga Filifin ko Indiya suke, Larabcin nasu ma na aiki ne. Sai ta ce "ciwo", ta ce "ruwa", ta ce "zan kama ruwa", babu mai ji, daga nan ta daina faɗa. Ki rubuta kalmomi goma zuwa ashirin a kwali da manyan baƙaƙe, da ma'anarsu da Larabci da Turanci, ki manna a kan gado. Ki rubuta sunan da take so a kira ta da shi. Ki tabbatar tabarau da na'urar ji suna jikinta, ba a cikin durowa ba. Ku raba ziyara tsakanin 'ya'ya da jikoki da maƙwabta ta yadda kusan kullum za ta ji Hausa. Idan magana ta ɗauke gaba ɗaya, ana gane ciwo ta ɗaure fuska, nishi, ƙanƙame jiki lokacin juyi, ko ture hannun mai taɓa ta.

Robar fitsari ba a barin ta don sauƙin ma'aikata. Kowace rana da ta ƙara a jiki haɗarin cuta yana ƙaruwa, don haka ki tambayi dalilin sa ta da ranar da za a cire. Jakar ta kasance ƙasa da mara, ba a kan gado ba, ba kuma a ƙasa kan tayil ba. Famfas a canza da zarar ya ɓaci, a wanke, a busar, a shafa man kariya. Ɗaure hannu ko ƙugu a jikin gado ba jinya ba ce. Idan kin ga shatin ɗauri a wuyan hannu, ko kwanciyar jini a cikin damtse ko cinya, ko Hajiya tana firgita idan wata ma'aikaciya ta matso, ki ɗauki hoto da kwanan wata. Idan ta faɗi, haƙƙinku ne a sanar da ku a ranar. Wadda take shan maganin tsinka jini ta bugu a kai, asibiti za a kai ta ko da ta ce lafiya lau, haka ma idan ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, alamar karayar kwatangwalo ke nan. Ki tambayi sau nawa mai gashin ƙashi yake zuwa a mako, da kuma ko ana motsa gaɓoɓin ɓangaren da ya shanye kullum, domin in an bar su za su ƙage. Ba a jan ta ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana gocewa.

Ibadarta ma tana cikin jinya. Mata ne suke mata wanka, ana jan labule, ana rufe mata jiki da kai yadda ta saba? Ana tuna mata lokacin salla, a taimaka mata da alwala ko taimama? Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Gidan da yake lura da wannan, galibi za ki same shi yana lura da sauran.

Game da hukuma a Saudiyya, ki fara sanin wace ma'aikata ce ta ba gidan lasisi, ki nemi ganin takardar. Idan cibiyar jinya ce ko asibitin dogon kwanciya, Ma'aikatar Lafiya ce take sa ido, ana kai mata ƙorafi ta lambar 937, kuma kina iya tambaya ko suna da shaidar hukumar tantance asibitoci ta CBAHI. Gidajen kula da tsofaffi na jin daɗin jama'a suna ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ɗan'adam da Ci Gaban Zamantakewa. Lambar 1919 ta kai rahoton cin zarafi ce, ta gaggawa kuma 911, ko 997 don motar asibiti. Dokar haƙƙoƙin tsofaffi da aka amince da ita a 2022 ta hana a ajiye tsoho a gidan kulawa sai da yardarsa, ko hukuncin kotu, ko idan rayuwarsa tana cikin haɗari, ta kuma hana a taɓa dukiyarsa ba da izininsa ba. Wannan dokar ɗan ƙasa mai shekara 60 zuwa sama take nufi, amma mai igama, wato baƙo mai takardar izinin zama, shi ma yana da damar kai ƙorafin rashin kulawa ko cin zarafi ta lambobin nan.

Kafin a kai ga haka, ki nemi zama da likita da shugabar ma'aikatan jinya a wannan makon. Ki je da littafi, ki je da wani babba daga dangi. Ki yi magana da girmamawa, ki gode wa masu aikin da sunayensu, domin yawancinsu aiki ne ya yi musu yawa, ba mugunta ba ce. Amma ki fito da abubuwa a rubuce, kowanne da ranarsa: awon nauyi, duba fata daga kai zuwa ƙafa a gabanki, sake nazarin magunguna, gwajin haɗiya, gwajin jini, da takardar abin da ta ci da abin da ta sha kullum. Ki ba su mako biyu ki sake zama da su. Ba a jiran mako biyun idan an kasa tashinta daga barci, ko numfashi ya yi sauri, ko fuska ta sake karkacewa, ko gyambo ya yi baƙi ko yana wari, waɗannan na asibiti ne a ranar.

Idan an ɓoye muku gyambo ko faɗuwa, ko an hana ku ganin fayil, ko alkawuran zaman farko sun wuce babu abin da ya canza, ku fara neman wani wurin, ku kuma tambayi asibitin da ya sallame ta ko ta cancanci shirin jinya a gida, inda nas da likita suke zuwa dubiya. Ranar ɗauke ta ku karɓi rahoton likita, jerin magunguna da lokacin da aka ba ta na ƙarshe, sakamakon gwaje-gwaje, da ranar da aka sa robar fitsari ko ta abinci, sannan ku ɗauki hoton fatarta kafin ta bar gadon.